A Ji Ta Bakin Wanda A Ke Tuhuma: Zancen Fursunonin Gwantanamo

Muna roƙon aron hankalinku a kan wata magana wadda ta auku nesa da mu ƙwarai, a wani lungu na tsibirin Kyuba, can hayin babban teku. Sunan wurin Gwantanamo. A nan ne Gwamnatin Amurka ta tsare mutane wajen 780 a hannun soja bisa zargin ta'adda, tun daga ran 11 ga Janairu, 2002, sa'ad da aka sauke ashirin na farko, galibinsu kuwa har aka sake su ba a taɓa karanta musu laifinsu gaban alƙali ba. Abin da mu ke so mu tabbatar a wannan takarda shi ne, kome girman laifin da a ke tuhumar mutum da shi, kome kuma tsoron da ya kama ƙasa, wajibi ne a kai shi gaban alƙalin da ba ya ƙarƙashin wanda ya kama shi, a gaya masa abin da a ke zarginsa, a bar shi ya faɗi nasa. Mun san akwai masu cewa wannan jin ƙan maciji ne. Hujjarsu tana da nauyi, za mu kuwa zo kanta.

Adalci ne mu fara da abin da ya jawo. Ran 11 ga Satumba, 2001, waɗansu mutum 19 na ƙungiyar Alƙa'ida suka ƙwace jiragen sama huɗu, suka afka da biyu cikin dogayen benaye na birnin Niyok, ɗaya a hedkwatar soja kusa da Washintan, ɗaya ya faɗi a fili. Rayuka kusan 3,000 suka salwanta da safe guda, ma'aikatan ofis, da masu shara, da 'yan kwana-kwana, har da Musulmi a cikinsu. Duk wanda bai ji zafin wannan ba, ba shi da bakin magana a kan abin da ya biyo baya. Mutanen ƙasar suka firgita, shugabanninsu kuma suna tsammanin wani harin yana tafe. Cikin mako guda Majalisa ta ba Shugaba Bush izinin yaƙi da waɗanda suka yi aikin da masu ba su mafaka, ran 13 ga Nuwamba kuma ya sa hannu a wata doka tasa ta kansa, wadda ta ce baƙon da a ke zargi soja za su tsare shi, soja kuma za su yi masa shari'a.

To, tun kafin wannan, duniya ta san hanya biyu ta tsare abokin gaba. In soja ne aka kama a fagen fama, fursunan yaƙi ke nan. Yarjejeniyar Janeba ta 1949 ta ce a riƙe shi har yaƙi ya ƙare, a ciyad da shi, kada a azabtad da shi, kada a tilasta shi faɗin wani abu ban da sunansa da muƙaminsa da lambarsa da ranar haihuwarsa. In kuwa aka yi shakkar ko soja ne ko manomi ne da yaƙi ya rutsa da shi, sashe na 5 ya ce a zaunad da kwamiti ya duba. Amurka da kanta ta yi haka a yaƙin Kuwaiti na 1991, ta zaunad da irin wannan kwamiti fiye da sau dubu, ta kuwa tarar mafi yawan mutanen farar hula ne, ta sallame su. Hanya ta biyu ta mai laifi ce, watau a kai shi kotu, a kawo shaidu, a ɗaure shi ko a sake shi. Gwamnatin Bush ta ƙi duka biyun. Ran 7 ga Fabrairu, 2002, Shugaban ya yanke cewa 'yan Alƙa'ida ba su cikin yarjejeniyar, 'yan Taliban kuma ba su cancanci sunan fursunonin yaƙi ba, duk a dunƙule, ba tare da an duba mutum ko ɗaya ba. Aka ƙago musu suna na uku, wai mayaƙan da ba su bisa ƙa'ida. Mai wannan suna ba shi da kariyar soja, ba shi da kariyar ɓarawo.

Zaɓen wurin ma da dabara. Amurka ta karɓi hayar wannan gaɓar teku daga Kyuba tun 1903, an sabunta a 1934, kuɗin haya dala 4,085 a shekara, waɗanda Gwamnatin Kyuba ta daɗe da daina karɓa don ba ta yarda da zaman ba. Takardar hayar ta ce ƙasa ta Kyuba ce, amma iko duka na Amurka ne. Sai lauyoyin Gwamnati suka ce madalla, ga wurin da alƙalin Kyuba ba ya iya shiga don akwai soja a ƙofa, alƙalin Amurka kuma ba ya iya shiga don ba ƙasarsa ba ce. Mu dai a ganinmu, wanda ya tabbata da hujjarsa ba ya yawon neman ɗakin da alƙali ba ya leƙawa.

Su wane ne aka tara a wurin? Sakataren Tsaro na lokacin, Donald Rumsfeld, ya gaya wa duniya cewa suna cikin mafi haɗarin masu kisa a bayan ƙasa. Akwai irinsu a ciki, babu shakka. Amma a 2006 waɗansu masana shari'a na Jami'ar Seton Hall suka bi takardun sojan da kansu, ba maganar fursunoni ba, suka tarar kashi 5 cikin ɗari kaɗai sojan Amurka suka kama da hannunsu. Kashi 86 cikin ɗari mutanen Fakistan ne ko mayaƙan arewacin Afganistan suka miƙa su, a lokacin da jirage ke watsa takardu suna alkawarin dukiya ga duk wanda ya kawo ɗan Alƙa'ida. Fiye da rabinsu kuma takardun ba su ce sun taɓa yin wani aikin gaba da Amurka ba. Shugaba Musharraf na Fakistan ya rubuta a littafinsa na 2006 cewa sun miƙa mutum 369, sun kuma karɓi lada na miliyoyin daloli. Ku duba fa. A ƙasar da talauci ya yi kanta, aka ce duk wanda ya kawo Balarabe ga dubban daloli. Ashe ba za a sayad da malamin makaranta, da ɗan kasuwa, da mai aikin agaji, da maƙwabcin da a ke rikicin gona da shi ba? Kowa ya zauna a ƙauye ya san abin da ɗan tsegumi ke iya yi in ya sami kunnen mai iko, balle an haɗa masa da kuɗi.

Ga wani yaro, Muhammad al-Gharani, ɗan asalin Cadi, haifaffen Saudiyya. An kama shi a Fakistan yana da shekara wajen goma sha huɗu. Cikin abin da aka zarge shi har da zama ɗan wata ƙungiya a Landan a 1998, sa'ad da bai fi shekara goma sha ɗaya ba. Sai a Janairu, 2009, wani joji mai suna Richard Leon, wanda Bush da kansa ya naɗa, ya duba ya ga zargin ya rataya ne a kan maganar waɗansu fursunoni biyu da ba a amince da bakinsu ba, ya ce a sake shi. Ƙuruciyarsa duka ta ƙare a keji. Ga Sami al-Hajj, mutumin Sudan, mai ɗaukar hoto na gidan talabijin na Aljazira, an kama shi a ƙarshen 2001, an sake shi a watan Mayu, 2008, ba tuhuma. Ga kuma 'yan ƙabilar Uigur su 22, Musulmin yammacin Sin, waɗanda Gwamnatin da kanta ta koma ta yarda ba abokan gabanta ba ne. Ba a iya mai da su gida don tsoron abin da Sin za ta yi musu, Amurka kuma ta ƙi karɓarsu, aka yi ta neman mai so, waɗansu Albaniya, waɗansu tsibirin Bamuda, waɗansu Falau. Ukun ƙarshe sai a Disamba, 2013, suka fita zuwa Sulobakiya.

Abin da mu ke so a lura da shi ke nan. Masu cewa ɗan ta'adda bai cancanci shari'a ba sun tsallake tambayar farko, watau wa ya ce ɗan ta'adda ne? Don a gane wannan ne aka kafa shari'a tun asali. Wanda ya ce a hana wa mai laifi shari'a, ya riga ya yanke hukunci kafin a zauna, ya kuma hana wa marar laifi hanya guda da zai nuna ba shi ne ba. Mu da muka fara karatu a makarantar allo mun ji yadda malamai ke bayanin zaman alƙali: mai ƙara shi ke kawo shaidu, wanda aka yi ƙara ba a ɗora masa nauyin wanke kansa, ana daidaita su wajen zama da wajen sauraro, kafin a yanke kuma sai an tambayi wanda hukunci zai hau kansa ko yana da sauran hujja ko sukar shaidu. Da muka shiga Midil aka karanta mana tarihin Ingila, sai muka tarar su ma sun isa wannan mashaya ta wata hanya dabam.

Tun 1215 manyan Ingila suka tilasta Sarki Yahaya ya yarda ba za a kama ɗa a ɗaure shi ba sai da hukuncin tsaransa ko dokar ƙasa. Daga baya alƙalansu suka raya wata takarda da su ke aika wa mai tsaron kurkuku, mu kira ta takardar a-kawo-shi, gama abin da ta ke cewa ke nan: kawo mutumin nan da jikinsa gabanmu, ka faɗi dalilin da ya sa ka ke riƙe da shi. Takardar ba ta cewa mutum ba shi da laifi, tambaya kaɗai ta ke yi. Amma kome ƙarfin mai mulki, ba ya son wannan tambaya. A zamanin Sarki Charles na Biyu, babban wazirinsa Clarendon ya riƙa tura waɗanda ba ya so zuwa tsibirai da sansanonin soja inda takardar ba ta kaiwa, wannan kuwa yana cikin laifuffukan da Majalisa ta lissafa masa a 1667. A 1679 aka kafa doka ta hana kai fursuna ƙetare don a guje wa alƙali. Ashe dabarar Gwantanamo tsohuwa ce, ta fi shekara ɗari uku, an kuwa riga an gane ta tun a wancan zamani. Mu ma a Nijeriya mun taɓa ganin aikin wannan takarda. A 1925 Gwamnatin mulkin mallaka ta tuɓe Eleko Eshugbayi na Ikko ta kore shi zuwa Oyo. Ya yi ta ɗaukaka ƙara har Majalisar Sarki a Landan, inda a 1931 joji Atkin ya ce babu wani jami'in Gwamnati da ke da ikon taɓa 'yancin mutum sai in zai iya kare halaccin aikinsa gaban kotu. A shekaran nan Eleko ya koma gida. Ba mu ce mulkin mallaka adalci ne ba, wane mutum! Cewa mu ke yi, ko a ƙarƙashinsa wannan ƙa'ida ta taɓa fin ƙarfin Gwamna.

A Amurka ma alƙalai ba su yi barci ba, ko da ya ke sun yi nawa. Ran 28 ga Yuni, 2004, Kotun Ƙoli ta yanke shari'a biyu. A ta Rasul ta ce kotunan ƙasar suna da ikon jin kukan fursunonin Gwantanamo, tun da ikon wurin duka a hannun Amurka ya ke. A ta Hamdi, wanda haifaffen ƙasar ne, ta ce dole a gaya masa dalilin tsaronsa, a ba shi damar musantawa gaban wanda ba ya da ɓangare. Da aka ce a kawo hujja a kan Hamdi, sai Gwamnati ta gwammace ta sake shi, ya tafi Saudiyya a watan Oktoba bayan ya yarda ya bar zama ɗan ƙasa. Mutumin da aka ce haɗarinsa ya kai a hana shi ganin lauya kusan shekara biyu!

Gwamnati ta amsa da kafa waɗansu kwamitoci na hafsoshi uku uku, wai su tantance. Fursuna ba shi da lauya, hujjar Gwamnati ana ɗaukarta gaskiya ce sai in ya rushe ta, mafi yawanta kuwa asiri ce, ba a nuna masa. Akwai wani zama da ya shahara, har wata joji ta kawo shi cikin hukuncinta a 2005. An ce wa wani fursuna, Mustafa Ait Idir, ya yi hulɗa da wani sanannen ɗan Alƙa'ida sa'ad da ya ke Bosniya. Ya ce a gaya masa sunan mutumin don ya san abin da zai amsa. Shugaban kwamitin ya ce shi ma bai san sunan ba. Fursunan ya ce to, yaya zai kare kansa? Takardar zaman ta nuna har dariya aka yi a ɗakin. Cikin mutum 558 da aka duba ta wannan hanya, 38 kaɗai aka ce ba mayaƙa ba ne. Wani hafsa da ya zauna cikin kwamitocin ya shaida a 2007 cewa in kwamiti ya wanke mutum, akan matsa a sake dubawa.

Sa'an nan aka shiga ja-in-ja tsakanin Kotu da Majalisa. A 2006, cikin shari'ar Hamdan, direban Usama bin Ladan, Kotu ta rushe kotunan soja da Shugaba ya kafa, ta ce sun saɓa wa dokar sojan ƙasar da sashe na 3 na Yarjejeniyar Janeba. Majalisa ta yi maza ta kafa su da doka a watan Oktoba, ta kuma cire wa fursunonin ikon neman takardar a-kawo-shi. Ran 12 ga Yuni, 2008, Kotu ta sake magana, alƙalai biyar a kan huɗu, ta ce Tsarin Mulki ya ba su wannan iko, Majalisa ba ta isa ta kashe shi ta wannan hanya ba. Mai wannan ƙara, Lakhdar Boumediene, labarinsa abin tsayawa ne. A Bosniya aka kama shi da waɗansu biyar a 2001, bisa zargin shirin kai hari ofishin jakadan Amurka. Kotun Bosniya ta bincika wata uku, ba ta sami hujja ba, ta ce a sake su, amma aka miƙa su ga sojan Amurka a Janairu, 2002. Da maganar ta zo gaban joji Leon a 2008, Gwamnati ta janye zancen ofishin jakadan ɗungum. Jojin ya ce a saki biyar daga cikin shidan, har da Mustafa ɗin nan da aka ƙi gaya wa suna. Shekara bakwai aka kashe ana gardamar ko a yi zaman da bai ɗauki wata guda ba.

Kada kuwa a ɗauka daga nan kome ya daidaita. Kotun ɗaukaka ƙara ta Washintan ta riƙa ƙuntata hanyar, har ta ce rahoton leƙen asiri na Gwamnati a ɗauke shi an rubuta shi daidai sai an nuna akasi. Adnan Latif, mutumin Yaman, ya ci shari'arsa a 2010, aka soke a 2011, Kotun Ƙoli ta ƙi sauraronsa a Yuni, 2012, a watan Satumba aka tarad da gawarsa a ɗakinsa. Yana cikin mutum tara da suka mutu a tsare a wurin.

Yanzu mu juya ga masu ja da mu. Suna cewa rigakafi ya fi magani: ɓarawo in ya kuɓuta akuya zai sake sata, amma wannan in ya kuɓuta gari zai ƙone. Suna da misali kuwa. Sa'id al-Shihri an sake shi zuwa Saudiyya a 2007, ya tsallaka Yaman ya zama mataimakin shugaban Alƙa'ida a can. Hukumar leƙen asirin Amurka ta ƙiyasta cewa wajen kashi 17 cikin ɗari na waɗanda aka saki an tabbatar sun koma ga ta'adda. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, ba mu kuma raina shi ba. Amma a tambaya, wa ya saki al-Shihri? Ba alƙali ba ne. Gwamnatin Bush ce ta saki fiye da 500 ta hanyar shawara tsakaninta da ƙasashensu, ba tare da an auna hujja a fili ba. Inda babu shari'a, kuskure ta gefe biyu ya ke zuwa, a riƙe wanda ya kamata a saki, a saki wanda ya kamata a ɗaure, gama abin da ke fid da mutum shi ne ƙarfin Gwamnatin ƙasarsa. Turawan Ingila da na Faransa sun koma gida da wuri, mutanen Yaman suka daɗe.

Suna kuma cewa ai yaƙi a ke yi, a yaƙi kuwa ana riƙe fursuna har a gama. Gaskiya ne, mun yarda soja ba zai tsaya a fagen fama yana neman shaidu ba, mun kuma yarda a riƙe wanda aka kama da bindiga a hannu. Sai dai sojan Jamus da aka kama a 1943 yana sanye da kayan soja, babu shakkar ko shi wane ne, ya kuma san ran da aka yi sulhu zai tafi gida. Wannan yaƙi kuwa da wa za a yi sulhu, a wace rana? Sojan Amurka sun bar Afganistan a watan Agusta, 2021, kurkukun bai rufe ba. In tsaro ba shi da ranar ƙarewa, ɗaurin rai da rai ne, ɗaurin rai da rai kuwa ba a yin sa da zato. Game da asirin Gwamnati kuma, tun 1980 Amurka ke da dokar da ta tsara yadda a ke shigad da hujjar asiri a kotu ba tare da an tona ta ba.

Abin da ya fi ba mu takaici shi ne, hanyar da aka ce ta fi sauri ita ta haifi nawa. Khalid Shaikh Muhammad, wanda a ke zargi da shirya harin Satumba, an kama shi a Rawalfindi a watan Maris, 2003. Maimakon a kai shi kotu, aka ɓoye shi a kurkukun asiri na hukumar leƙen asiri fiye da shekara uku, inda aka yi masa azabar ruwa sau 183, watau a ɗaure mutum a kan allo, a rufe fuskarsa da tsumma, a yi ta kwarara ruwa har ya ji yana nutsewa. Rahoton Majalisar Dattawa na Disamba, 2014, ya bayyana irin waɗannan ayyuka. Maganar da aka tatsa da azaba kuwa ba ta tsayawa gaban alƙali, ko na soja ne. A Janairu, 2009, Susan Crawford, wadda ke da ikon tura shari'u kotun soja, ta faɗa a fili cewa ta ƙi tura ta Muhammad al-Ƙahtani don an azabtad da shi. A 2023 wani jojin soja ya yi watsi da iƙirarin wanda a ke zargi da harin jirgin ruwan yaƙi Cole na 2000, sabo da dalili irin wannan. Shi kuwa Khalid, an gurfanad da shi a 2008, an sake a 2012, aka shekara goma sha biyu ana gardamar share fage. A Yuli, 2024, aka shirya zai amsa laifi a ɗauke masa hukuncin kisa, bayan kwana biyu Sakataren Tsaro ya soke, a Yuli, 2025, kotun ɗaukaka ƙara ta goyi bayan sokewar. Iyayen da 'ya'yansu suka mutu a benayen nan, da yawa sun tsufa sun rasu ba su ji hukunci ba. Su ma an hana su shari'a.

A gwada da kotunan farar hula, waɗanda aka ce ba za su iya ba. Richard Reid, mai bam a takalmi, an ɗaure shi rai da rai a 2003. Zakariya Musawi, a 2006. Ahmad Ghailani na Tanzaniya, fursuna guda da aka ɗauko daga Gwantanamo aka kai kotun Niyok, an yanke masa rai da rai a Janairu, 2011, a kan harin ofisoshin jakadanci na Nairobi da Darussalam. Akwai kuma wanda ya shafe mu, abin kunya da baƙin ciki, Umar Faruk Abdulmutallab, ɗan ƙasarmu, da ya nemi tarwatsa jirgi a sararin Ditroit ran 25 ga Disamba, 2009. 'Yan siyasa da yawa suka yi ta kururuwa a miƙa shi ga soja. Aka ƙi, aka kai shi kotu, aka ba shi lauya. Ya ba masu bincike labari mai amfani, ya amsa laifinsa a Oktoba, 2011, a Fabrairu, 2012, aka ɗaure shi har mutuwa. Shekara biyu da 'yan watanni, magana ta ƙare, babu kuma mai cewa an zalunce shi. Kotunan farar hula sun hukunta ɗaruruwa a kan ta'adda tun 2001. Na soja a Gwantanamo ba su wuce goma sha 'yan kai ba, cikinsu ma an soke waɗansu, har da na Hamdan direba a 2012.

Rufe wurin kuma ya gagara. Shugaba Obama ya sa hannu ran 22 ga Janairu, 2009, a rufe cikin shekara guda, Majalisa ta hana a kawo fursuna ko ɗaya cikin ƙasar ko don shari'a. Ya tarad da 242, ya bar 41. Aka yi ta roƙon ƙasashe su karɓa, har Gana ta karɓi mutanen Yaman biyu a 2016, Kotun Ƙolinta kuma ta ce a 2017 ba a yi daidai ba da ba a nemi yardar Majalisa ba. A 2019 an lissafa kowane fursuna guda yana cin wajen dala miliyan 13 a shekara.

In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka san abin da a ke yi. Tsarin Mulkinmu na 1999, sashe na 35, ya ce wanda aka kama a kai shi kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu kusa, in babu cikin kwana biyu. Amma da fitinar Boko Haram ta yi tsanani, dubban samari aka kwashe aka zuba a barikoki, musamman na Giwa a Maiduguri. Ƙungiyar Amnesty ta ce a rahotonta na 2015 fiye da 7,000 sun mutu a tsare a hannun soja tun 2011, rundunar soja ta musanta. Mun san abin da sojanmu suka sha, da yawansu sun ba da rayukansu don mu kwana lafiya. Amma da aka fara shari'a a barikin Kainji a Oktoba, 2017, a asirce, zagayen farko ya ɗaure 45 ya sallami 468. Waɗannan 468 'ya'yan wasu ne, waɗansu sun shekara da shekaru a tsare, ƙauyukansu kuma sun ga abin da aka yi. Soja yana bukatar mutanen ƙauye su gaya masa inda maƙiyi ya ɓuya, uwar da aka tafi da ɗanta ba labari kuwa ba za ta buɗe baki ba. Yaran waɗannan garuruwa su ne za su zauna gabanmu a aji, mu koya musu cewa ƙasa tana da doka. Muna so in sun tambaye mu inda dokar ta ke ran da aka kama yayansu, mu sami abin faɗi.

Abin da mu ke nema, can da nan, ba shi da yawa. A rubuta sunan duk wanda aka kama, a sanad da danginsa. A sa wa'adin kwanaki wanda in ya cika dole soja ya miƙa shi ga alƙalin farar hula. A ba shi lauya, a nuna masa gwargwadon hujjar da zai iya amsawa, kada a karɓi maganar da aka samu da duka. Wanda aka tabbatar da laifinsa a hukunta shi iyakar abin da doka ta ce, ba za mu roƙa masa sassauci ba.

A Janairu, 2025, Ma'aikatar Tsaron Amurka ta ce saura mutum 15 a kurkukun. Biyu an yanke musu hukunci, bakwai shari'arsu tana gaban kotun soja, shida kuwa ba a taɓa tuhumarsu da kome ba, uku daga cikin shidan ma an riga an amince a sake su in an sami ƙasar da za ta karɓa. Cikin sauran ukun akwai Abu Zubaida, wanda aka kama a Faisalabad a watan Maris, 2002, aka yi masa azabar ruwa sau 83 cikin wata guda bisa zaton yana cikin manyan Alƙa'ida, daga baya Gwamnati ta daina faɗin haka a takardunta na kotu. Mai yiwuwa yana da laifi mai girma. A ran da aka ba da wannan lissafi ya kusa cika shekara 23 a tsare, ba a karanta masa tuhuma ba tukuna.